Ƙwarin da Na Kai wa Baba a Kwalba

Akwai wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu sheƙi da ke kewaya a saman ruwa, girmansu bai fi ƙwayar wake ba. Duk wanda ya taɓa kai shanu mashaya ya san su, ko da bai taɓa tsayawa ya dube su ba. Suna ta juyi ba hutawa, in ka kai hannu su watse, in ka janye su sake taruwa. Yawancin mutane ba su damu da ba su suna ba, tunda ba a cinsu kuma ba sa ɓata gona. A gidanmu 'yan kewaye ake ce musu. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa su ne suka cinye mana garke, amma yanzu na tsufa, ƙarya ta fara yi mini nauyi a baki. Ni na cinye garken. Su shaidu ne kawai da ban bari aka saurare su ba.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Sanyinna. Manoma ne mu, gero da dawa da ɗan wake, amma tun kakanni ba a rasa shanu a bayan gidan ba. Da damina ba su da wahala, ruwa ko'ina. Da kaka su ci kara da harawa a gonaki. Wahalar tana farawa ne in rani ya kama, don dole a zaɓa musu inda za su zauna har ruwan sama ya dawo. Ko dai a yi doguwar tafiya kudu zuwa babban gulbi, kwana da kwanaki, inda ruwa ba ya yankewa amma tsando yana jiran shanu, ko kuma a tsaya kusa, a ɗaya daga cikin guraben ruwan da ke saura a rafukan da ke bayan Kebbe. Gurbin kusa ya fi sauƙi ta kowace fuska, in dai zai kai damina. In kuwa ya ƙafe a tsakiyar bazara, to an shiga uku, don a lokacin shanu sun rame ba sa iya tafiya, kuma kowace mashayar kirki tana da masu ita tun farkon rani. Sau ɗaya ake yin zaɓin a shekara, ba a kuma gyara shi.

Mahaifina ne yake zaɓa, kuma ba mu kaɗai yake zaɓar wa ba. Da an kai amfanin gona rumbu sai ya hau jakinsa ya nufi Kebbe, ya yi kwana uku ko huɗu yana bin gurabe. Ba ya auna zurfi da sanda yadda wasu ke yi. Zama yake a bakin ruwa tun hantsi har azahar yana kallon 'yan kewaye. A wurinsa masu ɗan rawayan zare a gefen jiki iri biyu ne, kuma ya ba su suna: masu gida da baƙi. Masu gida, in ji shi, ba sa zama sai a ruwan da ke da ido a ƙarƙashin yashi. Suna jeruwa a inuwa, duk su juya kai gefe guda, su yi ɗan kewaye su dawo inda suka tashi. Baƙi kuwa ko'ina suka ga ruwa sai su sauka, su cika shi da hauka, ranar da ya fara ja baya su tashi su bar shi. In ya gama kallo sai ya kama ɗaya da tafin hannu, ya ɗan matsa shi, ya sunsuna yatsunsa. Mai gida yana barin ɗan ƙamshi kamar na gwandar daji da ta nuna. Baƙo warin tsohuwar ƙwaryar nono yake bari.

Bai koya wa kowa ba. Ba rowa ba ce, irin halin mutanen da ne, suna ɗauka idonsu zai kai su har kabari. Yayana, wanda shi ne yake tare da shanun dare da rana, ya san kowace saniya da tarinta, amma zaman kallon ƙwari ba ya cikin jininsa. Ni kuwa tun ina ƙarami aka ɗauke ni makarantar boko, daga nan Sakkwato, na dawo da farar riga da keke da aikin malamin dabbobi na En'e, wato hukumar gargajiya. Baba shi ya fara kirana Malam, da farko da tsokana, daga baya da alfahari. Kaina kuwa ya kumbura har hula ta fara yi mini kaɗan.

A zamanin, bayan sojoji sun dawo daga yaƙi, an turo mana wani Baturen dabbobi, dogo, mai jan wuya, wanda nake bi rangadin allurar shanu. Ba mugu ba ne, kuma ba na son a ɗauka haka nake nufi. Yana da wata lalura dai: in mun gama allura da la'asar, maimakon ya huta a bariki kamar 'yan uwansa, sai ya ɗauki wata 'yar koma da ya ɗinka da gidan sauro ya nufi kududdufi. 'Yan kewaye yake kamawa. Yana zuba su a kwalba mai wani ruwan magani mai warin barasa, nan take su mutu, su kuma zauna ba ruɓewa. Daga baya ya tsame su, ya soke kowanne da fil, ya jera a akwati da 'yar takarda a ƙarƙashi.

Da ya ga ina leƙe sai ya miƙo mini gilashinsa mai ƙara girman abu. Ranar na fara ganin cewa idon ƙwaron a rabe yake, biyu suna kallon sama, biyu suna kallon cikin ruwa. Na yi tasbihi a fili. Ya nuna mini yadda ake gane namiji da faɗin ƙafafunsa na gaba, da yadda ake ware su: manya daban, ƙanana daban, masu gashi-gashi a gefe daban, masu rawayan zare daban. Ya koya mini ƙirga layukan da ke bisa ɓawon fiffike. Kafin shekara ta zagayo na ƙware, har ya zama in an zube kwalba a faranti ni nake warewa shi yana rubutu. Ina jin daɗin aikin ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Akwai wani sanyi da zuciya take samu in komai ya shiga layinsa.

Wata rana a Dogon Daji na ce masa mahaifina yana cewa masu rawayan zaren nan iri biyu ne. Bai yi mini dariyar raini ba, da ya yi ma da ya fi mini. Sai ya tashi da ladabi, ya jera kamar ashirin a farar takarda, ya ba ni gilashi.

“To, Malam, nuna mini. Wanne ne wanne?”

Na duba har idona ya yi ruwa. Duk ɗaya suke, kamar an zuba su daga mudu guda. Ya buɗe wani littafi ya nuna mini zanen ƙwaron, ya ce iri ɗaya ne, kuma masana sun rubuta cewa a ruwa mai ɗorewa ake samunsa. Daga ranar na fara jin kunyar maganar Baba. Ban daina girmama shi ba, amma na ajiye iliminsa a inda ake ajiye tatsuniya.

Shekarar da abin ya faru damina ta ɗauke da wuri. Gero ya yi dai, dawa ta sha wuya. A shekarar ce kuma yanar da ta daɗe tana bin idon Baba ta gama rufe shi, ya koma ba ya ganin komai sai bambancin rana da inuwa. Yaya kuwa kurkunu ya kwantar da shi tun ana girbi, ƙafa ta kumbura, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Da na zo gida hutun kwana huɗu kafin mu fita sabon rangadi, Baba ya sa aka kira ni zaure.

“Malam, ka ɗora ni bisa jaki ka kai ni Kebbe. Ido ya tahi, amma hanci na nan. Kai ka yi man kallo, ni in yi sunsune.”

Na lissafa a zuci: kwana ɗaya da rabi zuwa da jaki, haka dawowa, ga zaman bakin ruwa. Hutuna ba zai kai ba. Wannan shi ne dalilin da na bayar, kuma gaskiya ne. Amma akwai wani dalilin da ban faɗa ba. Hanyar ta tsakiyar kasuwar Kebbe take bi, inda kowa ya san ni a kan keke, ana gaishe ni da ranka ya daɗe. Na hango kaina a ƙasa da farar riga, ina jan jaki da makaho a kai, za mu je sunsunar ƙwari. Zuciyata ta ƙi.

“Baba, keke ya fi sauri. In tahi gobe da asuba, jibi in dawo maka da su har nan.”

Ya murza carbinsa. Sannan ya faɗi gurbin da yake so a duba, wani mai manyan itatuwan ɗunya a bakinsa, wanda ya taɓa riƙe mana shanu shekara biyu.

“Amma ka kawo su da rai,” ya ce. “Ka sa su cikin gora da ruwansu, kar ka cika ta. Kuma ka zamna ka dube su tukuna. Ka ga ina sunka juya kai.”

Na ce to.

Na isa gurbin da hantsi. Ruwa ne mai yawa, kore-kore, ya yi tsawon gona guda, inuwar ɗunya ta rufe rabinsa. 'Yan kewaye kuwa kamar an watsa baƙin wake, sun cika ko'ina, rana da inuwa. Ban zauna ba. Me zan zauna in yi, ni da na ga cikin idonsu da gilashi? Na jefa komar da na aro a wurin Bature, jefa biyu na kwaso fiye da yadda nake bukata. Na duba: rawayan zare a gefe, layukan fiffike daidai da na littafi. Na zuba wasu a gora kamar yadda aka ce, na rataya a keke, amma kafin in fita daga yashin rafin gorar ta bugi ƙarfe ta tsage, ruwa ya bi ƙafata. Da na ga dama da na nemi wata a ƙauyen da ke kusa, ba wanda zai hana malamin dabbobi gora. Sai na ga ɓata lokaci ne. Na ciro kwalbar magani daga jaka na zuba sabbi a ciki, na toshe, na hau keke ina jin na yi dabara.

Da na dawo, Baba yana zaune a zaure, Yaya a kwance a gefe da ƙafarsa a kan buhu. Na tsame ƙwaro ɗaya na sa wa Baba a tafin hannu. Ya taɓa shi da yatsa, ya ji ba ya motsi. Ya kai hanci. Na ga fuskarsa ta yamutse.

“Wanga ai warin Nasara ne. Ina gorar?”

Na gaya masa ta fashe.

“To mi kag gani? Suna jere ko suna hauka?”

“Suna nan da yawa, Baba.”

“Ba yawansu nika tambaya ba. Ina sunka juya kai?”

A nan ne ya kamata in ce ban duba ba. Kalma uku ce, kuma da na faɗe ta da Baba ya sa an yi doguwar tafiyar kudu, don shi ba ya caca da shanu. Amma Yaya yana kallona, kuma ni ne Malam. Sai na ɗaga murya kaɗan, irin yadda nake yi wa makiyayan da ke gardamar allura. Na ce na duba su da gilashin Bature ɗaya bayan ɗaya, na ce a littafi an rubuta irin nan ba sa zama sai a ruwan da ba ya ƙafewa, na ce masana na ƙasar Turai sun tabbatar duk iri ɗaya ne. Na ce masu gida ne, ba shakka.

Baba ya sake kai yatsunsa hanci, ya daɗe, kamar mai neman wata murya a cikin hayaniyar kasuwa. Sannan ya goge hannun a rigarsa.

“To. Kai ka da ido yanzu, Malam.”

Yaya ya yi ajiyar zuciya, don da wannan ƙafar ba ya marmarin tafiyar kudu. Da ya samu sauƙi ya kora shanun zuwa gurbin ɗunya. Gidaje biyu na ƙauyenmu suka bi shi da nasu, saboda an ce Baba ya duba. Ni kuwa na koma bakin aiki, na ba Bature kwalbar, ya rubuta mata takarda ya haɗa da waɗanda zai aika ƙasarsu.

Rani ya wuce lafiya, har na manta. Sai da bazara ta yi tsakiya, lokacin da zafi ke sa karnuka kwana a bakin rijiya, wani mai jaki ya same ni a wurin allura ya ce Yaya yana nemana, in zo ko da me nake yi.

Tun daga nesa na ga ungulaye a kan ɗunya. Wari ya tare ni kafin in ga gurbin. Ruwan nan mai tsawon gona ya koma taɓo baƙi mai tsagewa a gefe, da ɗan tsakiya mai kauri kamar kunu. Shanu suna shiga neman tsakiyar, ƙafafunsu su nutse, ba su da ƙarfin fitowa. Na ƙirga biyar a tsaye cikin taɓon, sun daina ko kuka. A bakin gaɓa an shanya fatu an kafe su da turaku, ga nama an rataya a rassa har ya yi yawa, ƙudaje sun rufe shi. Ba ƙwaro ko ɗaya a saman abin da ya rage na ruwan.

Na iske Yaya a cikin rami har ƙirji, yana haƙa yashi da ƙwarya. Ramuka bakwai ya haƙa a tsawon rafin, duk busassu. Ya ɗago ya dube ni. Leɓunansa sun tsage, wuƙar yanka tana rataye a wuyansa don kada ya tsaya nemanta in wata ta faɗi.

“Malam ya iso,” ya ce. “Sannu da zuwa. Ka zo da gilashin?”

Ya ajiye ƙwaryar ya ci gaba.

“Kwana goma ke nan da sunka tashi, ƙwarin naka. Da sahe guda na zo ban ishe ko ɗaya ba. Nan nis san mun mutu.”

Ya riga ya zagaya mashayun da ke kusa. Ko'ina akwai masu shi tun farkon rani, su ma suna auna wa nasu da ƙwarya. Wani ya ba shi ruwan kwana ɗaya don Allah, wani ya fito masa da sanda, kuma ban ga laifinsa ba. Muka yanke shawarar kora abin da ke iya tashi zuwa kudu. Na tuɓe farar rigar na ɗaure a keke, na kama sanda. Kwana uku muka yi a hanya, muna tafiya da sanyin safiya da na yamma. Duk inda saniya ta durƙusa sai mu ɗaga ta da sanduna biyu a ƙarƙashin ciki, in ta sake durƙusawa Yaya ya ciro wuƙa. Bai taɓa jinkiri ba sai a kan wata farar saniya, jikar wadda mahaifiyarmu ta zo da ita gidan. Ita kam ya miƙo mini wuƙar ya juya baya. Ni na yanka ta, kuma ban iya ba, sai da na maimaita.

Da ruwan sama ya sauka, saniya biyu da maraƙi ɗaya muka mayar gida. Maƙwabtan da suka bi mu nasu bai fi haka ba. Ba wanda ya zo ya yi mana faɗa. Gaisuwa kawai ta gajarta, kuma aka daina zuwa zauren Baba da kaka. A gari cewa ake yi tsoho ya makance ya ƙi yarda, ya kai mutane ga halaka. Ina jin ana faɗa, ban taɓa buɗe baki na gyara ba. Yaya ya yi noman daminar nan bai yi mini magana ba. Da aka yi girbi ya ce za shi ci-rani kudu, ya bar matarsa da 'ya'ya uku. Saƙo ɗaya ya aiko, daga nan shiru har yau.

Baba bai taɓa ce mini komai ba. Na yi ta jira, har ina tsokanar maganar don ya zage ni in samu sauƙi, amma sai ya ce Allah ne ya ba da, shi ne ya karɓa, ya tambaye ni lafiyar iyali. Yana nan yana kirana Malam. Ban taɓa jin kalmar da ta yi mini ɗaci kamarta ba.

Ana cikin kakar da ta biyo baya, wata safiya Bature ya aiko a kira ni barikin Tambuwal. Na same shi yana ta murna, da wasiƙa a hannu. Masana na ƙasarsu sun duba ƙwarin da ya aika. Sun ce masu rawayan zaren nan ba iri ɗaya ba ne, iri biyu ne, kusa da juna ƙwarai. Ya zaunar da ni ya jera biyu a farar takarda. A wannan karon ya gaya mini inda zan duba, can ƙarshen ɓawon fiffike. Na ɗaya a yanke yake tsaf da ɗan tsini a kusurwa, na biyu a zagaye. Da aka kifar da su, cikin ɗaya ya fi na ɗayan haske. Da zarar an nuna maka, ba za ka sake kasa gani ba. Na yi shekara biyu ina kallonsu ban gani ba, don an ce mini babu abin gani.

“Mahaifinka ya yi gaskiya, Malam,” ya ce. “Ka gaishe shi. Kuma kwalbar da ka kawo daga Kebbe, duk iri na biyun ne, ba gauraye. Suna son ƙari. Za ka iya komawa wurin?”

Baƙi zalla ke nan na kwaso. Na ce masa gurbin ya ƙafe da bazara.

“Kash. To, wataƙila bana.”

Ya koma kan wasiƙarsa. Bai san komai ba game da shanun, don ban taɓa gaya masa ba. Na fito na tsaya a bayan bariki, na yi kuka irin wanda ban yi ba a hanyar kudu.

Ranar na nemi hutu, na je gida, na durƙusa gaban Baba na gaya masa duka. Na ce ban zauna ba, ban ga inda suka juya kai ba, gora tana samuwa na ƙi nema, kuma kunyar jan jaki a kasuwa ce ta hana ni kai shi. Na ce Turawa ma yanzu sun yarda iri biyu ne.

“Madalla da sunka sani,” ya ce. “Na san ba ka duba ba. Tun ranar nis sani. Wanda yad duba ba shi ɗaga murya.”

“To don mi ba ka hana ba, Baba?”

“Yayanka na kwance shina ji. In na ƙaryata ka gabanai, da wane ido za ka sake shiga gidan ga? Na ce wataƙila Allah shi sa ka dace.”

Da ya zage ni da uwa da uba da ya fi mini sauƙi. Ya sa garkensa da sunansa ne a kan mutuncina, ni kuwa mutuncin nawa bai kai kuɗin gora ba.

Washegari na ɗora shi a jaki. Na ja shi a ƙasa ta tsakiyar kasuwar Kebbe, ranar kasuwa, da farar rigar a jikina. Ba wanda ya ko kula. Ba mu da garken da za mu zaɓar wa ruwa, amma muka bi gurabe kwana uku. Muna zama tun hantsi, ina gaya masa abin da nake gani, yana gyara mini. Kallon na ɗan fara kamawa, ko da yake rabin lokaci sai in ga suna jere, in an jima in ga suna hauka, in rasa wanne zan faɗa. Sai in kamo ɗaya da rai in sa masa a hannu. Ya matsa, ya sunsuna, fuskarsa ta saki kamar ya ji sallamar tsohon aboki.

“Mai gida ne. Sunsuna ka ji.”

Na sunsuna. Wari ne dai, ɗan kaifi-kaifi. A wani gurbin ya ce baƙo ne, na sunsuna, warin nan ne dai. Ya sa na wanke hannu da yashi, ya sa na rufe ido, ya ba ni ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na yi ta canka ina kuskurewa. Ko shekarun da na yi ina shaƙar ruwan kwalba ne suka kashe mini hanci, ko kuwa abu ne da ake koya tun ana yaro, ban sani ba. A rana ta uku na ce masa na ji bambancin, don in faranta masa. Ya juyo da fararen idanunsa wajena.

“Kar ka sake yi man wagga,” ya ce a hankali. “In ba ka ji ba, ka ce ba ka ji ba.”

Na ce ban ji ba.

“To ba komi. Baɗi mu dawo.”

Bai kai baɗi ba. Ya rasu da damina, gero yana fitar da kai.

Na yi shekaru da yawa a aikin dabbobi bayan haka, har Turawa suka tafi. Makiyayan da suka ji labarin mahaifina sukan tare ni a mashaya su tambaye ni ko wannan ruwan zai kai damina. Nakan tsaya in dubi 'yan kewaye suna juyi, in ce musu ban sani ba. Gilashin yana wurina, Bature ya bar mini shi da zai tafi. Har yau, da wannan tsohon idon, in ka kawo mini su zan gaya maka wanne ne mai gida wanne ne baƙo ba tare da kuskure ba. Amma sai sun mutu tukuna.